Babba Ɗaya, Jarirai Huɗu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'ya'yana biyu. Yaya ciwon bayan nan naki, ya sake ki? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Mama tana gaishe ki, ta ce wai tun da kika yi sabon keken ɗinki kika manta kina da uwa.

Ina rubuto miki ne a kan murfin bokitin wanki, domin yau duka jarirai bakwai ɗin da muke raino sun yi barcin rana lokaci guda, abin da ba ya faruwa sai an taki sa'a. Ba zan iya faɗa miki wannan magana a waya ba. Wayar ta Mama ce, kunnenta kuwa kin san shi.

Kin tuna lokacin da Gwaggo ta ce gwiwarta ta gaji da durƙuso ta koma wurin ɗanta, Mama ta ce in zauna a gida zango ɗaya kacal in taya ta raino kafin ta samu wata? Yaya, ga zango na uku yana shirin ƙarewa. Ƙarfe shida da rabi nas take kawo Mai Kumatu, kafin bakwai matar da ke shara a banki ta kawo Sarkin Kuka, sai 'Yan Biyun malamar firamare, sai sauran. Daga nan ni da ganin ƙofar gida sai an zo ɗaukar su. Falon da kika sani yanzu katifu ne jere da bango, igiyar shanyar nafkin ta ratsa tsakiya, sai mutum ya sunkuya yake wucewa. Littafin da na karɓo wurin mai hayar littattafai, sati biyu ke nan ina shafi na arba'in. Jarumar tana tsaye a tashar jirgi tana jiran wanda zai zo, ni kuma da na kama shafi zan juya sai wani ya tsanyara kuka. Har tausayinta nake ji, ƙafarta ta gaji da tsayuwa.

To ga labarin. Majalisar dokokin jiha tana shirin yin doka a kan gidajen raino irin namu. Shugabar ƙungiyar masu raino ta kawo wa Mama takardun ƙudirin, ni na karanta mata. Wai kowane jariri da gadonsa, a kwantar da shi rigingine, magani a kulle a kabad, ɗaki da taga. Duk wannan Mama gyaɗa kai take yi tana cewa ai da ma haka take yi, in ban da gadajen. Da na zo sashe na tara sai ta ce in maimaita. Babba ɗaya, jarirai huɗu, ba ƙari. Wanda bai kai shekara sha takwas ba kuwa ba a ƙirga shi cikin masu raino, ko da ya fi kowa iya goyo.

Mama ta ce to in haka ne zamana ba shi da amfani. Ko ta ɗauki babbar mace, ko ta mayar da yara uku, ni kuma in tafi wurinki in ƙarasa makaranta. Cikin ɓacin rai ta faɗa. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, sai da na shige banɗaki na turo ƙofa don kada ta ga fuskata. Ban taɓa sanin mutum zai yi murna don an ce ba a ƙirga da shi ba.

Don Allah ki je wurin shugabar makarantar da ke bayan layinku, wadda kika ce kina yi wa ɗinki, ki tambaye ta ko za ta ajiye mini gurbi a aji biyar. Kada ki gaya wa Mama ni na roƙa.

Ki shafa mini kan yara. Sarkin Kuka ya fara motsi, kuma ba a banza ya samo sunansa ba.

Ƙanwarki,
Shiru-shiru

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ina gaida maigida da yara, da fatan zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Direba ya kawo wasiƙarki, na karanta ta sau huɗu. Na gode, Allah Ya bar mini ke. Ki gaya wa shugabar makaranta na ji sharaɗinta, in satin farko na sabon zango ya wuce ban zo ba za ta ba wata gurbin. Da na karanta wurin na ce a raina, ai kafin ta buɗe ƙofa ina tsaye.

Amma wani abu ya faru, ban san yadda zan fara ba.

Ranar Asabar 'yan ƙungiya suka yi taro a falonmu, mata sha biyu, muka jingine katifu suka zazzauna. Ashe kusan kowacce da 'yarta ko 'yar ƙanwarta take aikin. Suka yi ta cewa waɗanda suka rubuta dokar nan ba su taɓa canza nafkin ba. Daga ƙarshe aka tsayar da shawara a rubuta wa kwamitin majalisa takarda, a roƙi a gyara sashe na tara, a riƙa ƙirga 'yar gida mai shekara sha shida. Shugaba ta tambaya wa zai rubuta. Ina kawo musu ruwa ke nan Mama ta nuna ni da baki, ta ce ga wadda ba ta magana sai karatun soyayya, yau dai littattafan nan su yi rana. Wata ta ce to a ja mata kunne, kada ta fara da "ya hasken idanuna kwamiti". Suka kwashe da dariya. Ni dai ina riƙe da faranti, ban ce eh ba, ban ce a'a ba, kin san hali.

Na yi niyyar in rubuta musu abu busasshe, layi biyar, wanda ba mai karantawa har ƙarshe. Wallahi niyyata ke nan.

Sai ranar Litinin da yamma maman Sarkin Kuka ta zo ɗaukarsa, ta zauna a bakin katifa ba ta tashi ba. Ta ce ta san in Mama za ta mayar da uku, nata ne na farko, don wa zai zaɓi mai kuka? Ta ce kafin ta same mu wurin wata maƙwabciya take barin sa, tana ta yaba wa matar don kullum ta dawo yana barci. Ashe maganin tari take ɗura masa. Ranar da ta gane, har dare bai farka ba, da gudu ta kai shi asibiti ba takalmi. Tana faɗa tana ɗaure shi a baya, ba ta ɗaga murya ba, hawaye kawai.

Da ta tafi na ɗauki biro. Na rubuta labarinta. Na rubuta cewa Mai Kumatu ba ya barci sai ana shafa masa gira da babban yatsa, 'Yan Biyu kuma ko babansu sai ya tambaye ni wane ne wane, kuma ba shekaru ne suke koya wa mutum wannan ba. Biron ya gudu da ni, Yaya, shafi uku. Da na karanta wa Mama sai ta sa bakin mayafi ta goge ido, ta ce ashe haka nake da magana a ciki.

Ina ta ba kaina haƙuri cewa manyan mutane ba za su tsaya karanta takardar yarinya ba. Ki taya ni addu'a, amma ni kaina ban san me zan ce ki roƙa ba.

Taki,
Shiru-shiru

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata duk kuna lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa, zuciyata ba ta zauna ba tun jiya.

Jiya aka yi zaman jin ra'ayin jama'a. Gwaggo ta lallaɓo ta zauna da yara ita da wata maƙwabciya, muka tafi da Mama. Ɗakin sanyi kamar cikin firij, dogon tebur, kowane ɗan kwamiti da gorar ruwa a gabansa. Na zaci Shugaba ce za ta karanta takardar. Sai da muka zauna ta miƙo mini, ta ce wanda ya haifi abu shi ya san yadda ake goya shi.

Kafin mu wata likitar yara ta yi magana. Ta ce ba don ƙeta aka ce huɗu ba. In ɗaya ya shaƙe da madara, mai raino tana kansa, sauran ido kawai za ta iya sa musu. Ta ce yarinya mai shekara sha shida ƙarfe takwas na safe a aji ya kamata a same ta. Saura kaɗan in tafa. Matan ƙungiya kuwa tsaki suka yi ta ja ƙasa-ƙasa.

Da aka kira mu na tashi na je gaban tebur. Wani saurayi mai tabarau, sakataren kwamitin, ya taso ya sauko mini da makirfo daidai bakina, ya ce in kwantar da hankalina. A littafi nan ne ake haɗa ido a ji duniya ta tsaya. Ni takalminsa kawai na gani, baƙi ne, an goge shi da kyau.

Na fara karatu. Da na zo wurin gudu zuwa asibiti ba takalmi, kowa ya ɗago kai. Wani ɗan majalisa da ke ta danna waya tun da muka shigo ya kife ta a tebur.

Na gama zan gudu in zauna, sai shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta ce in tsaya.

"'Yata, ke kika rubuta wannan?"

Na gyaɗa kai.

"To ke da kanki, kina son aikin nan? Makaranta fa?"

Yaya, amsar tana bakina. Na waiwaya. Da Mama hararata take yi, wataƙila da na iya. Murmushi take yi, irin wanda ban ƙara gani a fuskarta ba tun rasuwar Baba. A bayanta maman Sarkin Kuka ce, ta bar aikinta ta zo, yana goye yana tsotsar yatsa. Ta yaya zan tsaya gaban baƙi, a makirfo, in ce uwata ce ta tsare ni a gida?

"Ina so, ranki ya daɗe. Makaranta zan koma in an samu sarari."

Ta daɗe tana kallona, kamar tana ba ni dama in ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ta rubuta a takardarta, ta ce na gode.

A mota matan suka yi ta ja mini kumatu, wai ashe shiru-shiru ba tsoro ba ne. Na jingina kai da gilashi na yi kamar barci nake.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigida da yara. Na ga wasiƙarki, na kuma ji faɗan. Kin ce da hannuna na saƙa igiyar na ɗaura wa ƙafata. Ban yi fushi ba, gaskiya kika faɗa.

Rahoton kwamiti ya fito. Babba ɗaya jarirai huɗu yana nan daram, gadaje ma haka. Amma sun gyara sashe na tara. Za a ƙirga 'yar gida mai shekara sha shida, in ta yi horon sati shida aka sa sunanta a lasisin gidan, kuma dole a same ta a wurin duk lokacin da yara suke nan. Saura karatu na uku a majalisa da sa hannun gwamna, kowa yana cewa an gama. 'Yan ƙungiya har sun raɗa masa suna, wai sashen Shiru-shiru.

Mama ta kira kafinta ya auna falo. Gadaje takwas za a yi, don ta riga ta yi wa wata mai aikin kanti alkawari, jaririyarta wata uku. Mu biyu, huɗu-huɗu. Jiya na ji tana gaya wa nas cewa Allah Ya ba ta 'ya ɗaya tamkar da goma. Maman Sarkin Kuka kuma ta kawo mini ɗankwali sabo a leda, ta riƙe hannuna tana ta godiya.

Kin ce za ki kira Mama ki gaya mata komai. Don girman Allah kada ki yi. In na tafi yanzu ba uku za ta mayar ba, huɗu ne, kuma duk garin nan an ji ni da bakina. Kin ce in daure shekara biyu kawai. Na lissafa, Yaya. Bayan shekara biyu na cika sha takwas, babba ce ni, ba wanda zai ƙara tsayar da ni ya tambaye ni makaranta fa.

Na sake karanta takardar nan ina neman inda na yi ƙarya, ko zan samu wanda zan ji haushi. Ban samu ba, ko kalma ɗaya. Kowa yana ciki da labarinsa, har girar Mai Kumatu. Nawa ne kawai ban sa ba.

Ki je wurin shugabar makaranta ki yi mata godiya sosai. Ki ce ta ba wata gurbin tun yanzu, kada ta jira satin farko.

Ranar Litinin nake fara horon. Ki ci gaba da rubuto mini ko da layi biyu ne, ki ba direba ya damƙa a hannuna.

Allah Ya bar zumunci. Na bar ki lafiya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Shiru-shiru