Dodon Kunnen Colette

Winnipeg, 3 ga Fabrairu

Goggo Yvonne,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na yi wauta. Mura ta kama ni, amma da yake ina watannin gwaji a aikin kula da fasinjojin jirgin sama, na ji tsoron in ce ba ni da lafiya. Muna sauka Churchill kunnena na hagu ya toshe, kamar ana murɗa mini ƙusa. Na matse hanci na hura da ƙarfi, sai na ji fus! Jini ya sauko a wuyan rigata, duniya ta yi tsit ta gefe ɗaya.

Likita ta ce dodon kunnen ya fashe. Sati shida ba tashi, in bai haɗe ba kuma na bar jirgi ke nan. Amma shugabarmu na neman mutane. In koma?

'Yarki,
Colette

Thompson, 10 ga Fabrairu

Colette, sarkin taurin kai,

Ƙafa da sauƙi. Ki koma ina? Kin taɓa tambayar kanki me ya sa nake juyo miki da kumatun dama in kina magana? Shekarata ta biyu a jirgi na yi irin taki, na koma bayan kwana goma. Shekara arba'in ke nan ban ji komai da kunnen hagu ba, kuma kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Zauna a ƙasa, ki sha miyar kaza.

Goggonki

Winnipeg, 24 ga Maris

Goggo,

Ina gaida ke. Wasiƙarki ta sa ni kuka, kuma na zauna. Yau likita ta nuna mini cikin kunnena a allo. Goggo, 'yar fata ce kamar ɓawon albasa, har haske na ratsa ta! Da wannan ɗan abu nake jin dukan duniya? Ba ɗinki, ba magani, ta saƙa kanta da kanta. Ikon Allah! Jibi zan tashi.

Colette

Churchill, 26 ga Maris

Goggo,

Mun sauka. Na haɗiyi yawu, kunnen ya buɗe, ƙwas! Wani jariri yana tsala ihu ta haguna, fasinjoji na tsaki. Ni kuwa na tsaya ina saurare, ban so ya yi shiru ba.

Ki huta lafiya,
Colette