Na amsa tambayoyin Yaya, ya hana ni shiga gidanmu

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma tun yanzu in faɗa, wanda "ki yi haƙuri" kawai zai rubuto min ya adana datarsa.

Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Azare, ni ke horar da ɗalibai muhawara. Abin da nake fara koya musu shi ne tambayar da ba amsa take nema ba, wadda kake jefa wa mutane su gyaɗa kai, su ɗauka da kansu suka gano gaskiya. Ina kuma koya musu maganinta, in abokiyar karawa ta jefo miki irinta kar ki tsaya kallonta, ki amsa kamar da gaske take tambaya. Ban taɓa zaton a tsakar gidanmu darasin zai same ni ba.

Babanmu yana da ciwon suga, wata uku ke nan gyambo ya fito masa a ƙafar dama. Kullum in na tashi daga makaranta ni ke zuwa in wanke in canza bandeji, na san warinsa, a idona yatsu biyu suka yi baƙi. Likita ya ce a cire yatsun yanzu, in aka ƙara jinkiri ƙafar za ta tafi har gwiwa, ya ba mu Alhamis ɗin nan. Shi kuma babban yayanmu, wanda tun da Baba ya kwanta shi ke yanke komai, ya samo wani mai magani a ƙauye can bayan Chinade, wai shafawa kawai yake yi, ba wuƙa.

Ranar Asabar aka tara mu, har Kawu ƙanin Baba ya zo daga Misau. Yaya ɗan kasuwa ne, akwai baki. Hujja ko ɗaya bai kawo ba, tambayoyi ya yi ta jerowa. Likita ne ke ba da rai? Wa zai so a riƙa yankar ubansa yana raye? Kakanninmu da asibiti suka rayu? Ina kallo kowa na gyaɗa kai, har Kawu na cewa "wannan haka yake". Wallahi raina ya ɓaci, don dabarar nan na san ta ciki da waje, da ita nake cin abinci.

Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na amsa. Na ce likita ba ya ba da rai, mai maganin ƙauye ma ba ya bayarwa. Na ce ba mai son a yanki ubansa, shi ya sa nake so a tsaya a yatsu biyu. Na ce kakan namu da ake magana, ciwon ƙafa ne ajalinsa tun Baba bai yi aure ba, ga Kawu nan a tambaye shi. Kawu ya sunkuyar da kai. Da a nan na tsaya da da sauƙi, amma bakina ya ƙi, na ce Yaya bara da idonka ya yi yana, Chinade ka tafi ko Kano?

Yaya ya miƙe ya ce na tozarta shi gaban matarsa da ƙannensa, ba zan sake taka gidan ba sai na durƙusa gaban duk wanda ya ji, na janye maganata kaf. Kawu ya ja ni gefe ya ce gaskiya na faɗa, amma ƙarami ba ya yi wa babba tambayar da ya san amsarta. Na ce shi da ya jero mana uku fa? Ya ce ai shi babba ne. To ni dai ban yi nadama ba, in aka sake zaman ma abin da zan faɗa ke nan.

Yau Litinin, kwana biyu ban ga ƙafar ba, kuma Yaya ya ce Laraba da safe zai tafi da Baba ƙauyen. Jiya Inna ta haɗa ni da Baba a waya, muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Uwata, yanzu da guntuwar ƙafa zan riƙa shiga sahu?" Ni da na amsa wa Yaya komai, wannan na kasa, kuka kawai na yi. Ashe tsoro yake ji, duk surutunmu ba wanda ya zauna ya tambaye shi.

Durƙusawa ba ta dame ni ba, Yaya ya girme ni, zan iya ba shi haƙuri a kan maganar idonsa. Amma in ce ƙarya na yi a kan ƙafar Baba, wannan ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan faɗa ba. Ku faɗa min, in je in ba da rabin haƙurin ko zai bar ni in shiga in lallashi Baba, ko gobe in Yaya ya fita kasuwa in zo da keke napep, in roƙi Baba ya bi ni asibiti, in ya so Yaya ya daina gaisuwa da ni har abada? Gobe kaɗai ta rage min.