Sanyin Rabi, da mijinta

Madarumfa, daren Laraba, watan Rajab

Yau Rabi ƙanwata ta zo daga Safo tana dariya. Farin ruwan ya ɗauke, ƙaiƙayin ma ya tafi. Alhamdu lillahi!

Tun damina take zama cikin ruwan bagaruwa, tana shan jiƙon wani mai tallar magani da lasifika na Ɗan Issa, abu ya ƙi ƙarewa. Ungozomar likita ta ce sai an yi maganin har da mijinta. Shi kuwa wai, "Yaya, sanyi ai ciwon mata ne."

Ran nan na dire mashi ƙwayoyin da ungozomar ta bayar, da moɗar ruwa, na ce, "Malam Sani, ko ka haɗiye, ko in yi bayanin gaban mahaifiyarka."

Ya haɗiye har ya ƙware. Gobe zan dafa ma Rabi zabo, shi ko romo ba zai gani ba.