Rasuwar Injiniyar da Ta Tayar da Kwamfutoci Marasa Ciki

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Ƙungiyar Tsofaffin Direbobi da Makanikai, a madadin Mai Girma Shugaba, da Majalisar Dattawa, da Uwargida Shugabar Mata, da ɗaukacin mambobi, ta samu labarin rasuwar 'yarmu kuma malamarmu, Hajiya Injiniya, mai kula da ɗakin koyon kwamfuta na ƙungiya, babbar 'yar abokinmu marigayi Shugaban Makanikai, bayan gajeruwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sakatare ya so ya ƙawata saƙon nan da manyan kalmomi, na ce ya rubuta yadda na faɗa, domin a gabana aka yi komai.

Jama'a su sani cewa ɗakin namu yana saman bene, a ƙasa kuma akwai ɗakin gwajin jini, wanda Manajansa ya yi mana alfarmar jan waya daga tasu intanet. Kwamfutocin da aka ba mu kyauta kuwa an cire musu ma'ajiyar bayanai, sai allo da madannai da akwati fayau, tamkar mota babu inji. A ginin gaba ɗaya, na'urar ɗakin gwajin ce ke ba kowace kwamfuta adireshinta, yadda ɗan kamasho ke ba motoci lamba a tasha. Mai gyaran da muka fara kira, da kyakkyawar niyya, ya kafa mana tamu mai raba adireshi a kan waya ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa zama a tasha ya san abin da 'yan kamasho biyu ke haifarwa. Kwamfutocin ƙasa suka rikice, sakamakon marasa lafiya ya maƙale, Manaja ya hau bene yana huci ya zare wayarmu da hannunsa.

A wannan hali marigayiya ta same mu. Ta sauka ta gaishe shi cikin ladabi, ta ce, “Yallaɓai, a mayar mana da wayar sau ɗaya. Na'urarka ko ƙurarta ba zan goge ba.” Ya amince, da sharaɗin in aka sake samun cikas, shi ke nan har abada. Sai ta ajiye babbar kwamfuta guda a kusurwa bayan ƙofa, ta hana ta raba adireshi ko da wasa. In aka kunna ƙananan, sai su yi kira ta cikin waya, na'urar maƙwabci ta ba su adireshi, tamu kuma ta nuna musu inda za su ɗauko abin da zai tashe su. Da na matsa mata da tambaya, ta yi dariya ta ce, “Baba, shi ke ba da lamba, mu lodi kawai muke yi.” Na tsufa a kan sitiyari, ban taɓa ganin mota babu inji ta hau tudu ba, amma a ɗakin nan na ga akwatuna fayau sun buɗe ido, na ga matan abokanmu da suka rasu suna koyon sana'a a gabansu, tsofaffi masu rawar hannu suna hira da jikokinsu na nesa fuska da fuska. Ikon Allah sai kallo.

Abin da ya fi girgiza mu ya faru ne bayan mun dawo daga rakiyarta. Tsohuwar na'urar ɗakin gwaji ta ƙone, aka sa sabuwa, ga shi wadda ta san sirrin haɗin tana ƙarƙashin ƙasa. Wasu dattawa suka ce a rufe ɗaki a kira 'yan gwangwan tun kafin a sake jin kunya, na ce sai dai a ɗauke ni tare da kujerun. Manaja ya hau bene ya yi mana gaisuwa, ya tsaya kusa da wayar, hannunsa ba nisa. Na yi bisimilla na danna maɓallin kunna kwamfutocin. Allo ya yi baƙi, farin rubutu ya gudu a kansa, sai ga su suna farkawa ɗaya bayan ɗaya, a ƙasa kuma aiki na tafiya lami lafiya. Ashe ba ta ɗaure tamu ga tsohuwar na'ura ba, ta koya mata jiran duk wanda ke da hurumin ba da lamba. Manaja ya janye hannunsa ya ce, “Baba, ku riƙe wayar. Muddin ina ginin nan ba mai zare ta.”

Ƙungiya na miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarta Hajiya Inna, da maigidanta, da 'ya'yanta, da ƙannenta, tana roƙon Allah Ya ba su haƙuri da dangana, Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya sa kowane allo da ya haska a ɗakin nan ya zame mata sadaka mai gudana. Za a buɗe ɗaki gobe da safe kamar kullum, kuma duk wanda ya zo mana da ɗan kamasho na biyu, da ni zai gamu a bakin ƙofa.

Sa hannu:
Alhaji Baba Babu-Ribas
Kakaki kuma Dattijon Tarihi,
Ƙungiyar Tsofaffin Direbobi da Makanikai