Yajin Kaka da Kujerar Ruƙayya

Talata da dare, watan Sha'aban, unguwar Hindawiyya, Jidda

Cajin wayata ya kusa mutuwa, amma sai na rubuta wannan. Sati biyu ƙanwata Ruƙayya tana ciwon cikin ƙarya kullum da safe. Ashe wata yarinya ce a ajinsu ta janye kujerarta daga gefenta, wai mamanta ta hana ta zama kusa da Takaruniya, sunan da suke kiran irinmu baƙar fata. Mu da kakan Kaka ya sauka Jidda tun ba a zuba wa unguwarsu kwalta ba!

Na so in yi bidiyo in watsa. Kaka ta ce, "Ke da wayarki! Miƙo min ƙuli-ƙuli."

Yau aka yi ranar abinci a makarantar, kowa ya kawo na gidansu. Kaka ta aika da tsire faranti guda. Kafin malama ta gama bismillah, halas, sai tsinke.

Da la'asar sai ga saƙon murya a gurup ɗin iyaye. Maman yarinyar nan ce fa! "Ya habibti, wa ya haɗa yajin nan? A ba ni sirrin."

Kaka ta fizge wayar, ta danne ta kamar za ta shaƙe ta: "Takaruniya ce ta haɗa, ya binti. Ba a rubuta shi, jikata ce ta haddace. Sai 'yarki ta matso da kujera, don ba ta ɗaga murya."

Wallahi Ruƙayya ko citta ba ta sani ba! Amma har ta goge takalmin gobe. Kaka ta ja mata kunne: abu ɗaya cikin kayan yajin za ta riƙa faɗa wa yarinyar duk sati, don sirrin ya kai ƙarshen shekara.