Tabaraun da Ya Tayar da Mahaifina Daga Buzun Karatu

Zuwa ga Manajan shagon tabarau da ke Nasarawa, Birnin Kebbi, wanda yaran shagonsa ke kira Dokta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kasuwa kuma tana ja. Na rubuto maka ta jarida ne domin na zo shagonka da ƙafata, ka bar ni tsaye kamar wanda ya zo maula. Wataƙila abin da kunnenka ya ƙi ji idonka ya gani, tunda ido ne sana'arka.

Ni malamin gona ne, cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato lokacin da aka ba mu jiha. Mahaifina, Malam Umaru, yana Argungu. Tun ina goye yake karanta wa mutanen shiyarmu littafin hadisi bayan la'asar duk watan azumi. Masunta da manoman albasa kan baro fadama da wuri don kada karatun ya wuce su. Da ganinsa ya fara raguwa, ni na ɗauko shi na kawo maka, ina jin na yi abin kai.

Na farko. Ka tare mu da farar riga irin ta likitoci. Ka ɗaga wani gilashi mai ɗaukar ido, launinsa shuɗi-shuɗi, ka ce an yi masa shafe na musamman da ke kashe ƙyallin rana ya kuma fito da ƙananan baƙaƙe. Na tambaye ka ko shafen yana fita. Ka yi dariya, ka ce sai dai Malam ya bar wa jikoki gado. A gaban yaranka biyu ka faɗa, in dai ba su ma ka koya musu mantuwa ba.

Na biyu. Zafi na shigowa shafen ya fara tashi. Daga gefe ya soma, yana saɓulewa kamar ɓawon albasa, har ya kai tsakiya, daidai inda ƙwayar ido ke kallo. Malam bai gaya wa kowa ba. Gilashin kyautar ɗansa ne, kuma bai taɓa kawowa a ransa cewa abin da Dokta ya bayar zai lalace ba. Ya ɗauka idon ne ke mutuwa. Ya daina karatun safe, ya riƙa zama a zaure shiru, mahaifiyata na zaton zazzaɓi ne.

A makon farko na azumi ya zauna a kan buzunsa, masallaci cike. Yana cikin karatu ya tsallake layi, ya haɗa farkon wani hadisi da ƙarshen wani. Babban ɗalibinsa ya gyara masa a hankali. Ya koma, ya sake tsallakewa. Mutumin da bai taɓa yin tuntuɓe a littafin nan ba! Sai ya rufe shi, ya miƙa wa ɗalibin, ya ce, idon ya ƙare, ku yahe mini. Ya tashi ya fita kafin a shafa fatiha. Ban kasance a wurin ba. Waɗanda suka ba ni labari, dattawa masu furfura, ba su iya kallon fuskata ba.

Na uku, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da na kawo maka gilashin, ko karɓa ba ka yi ba. Ka leƙa shi daga nesa, ka ce tsohon ne ya goge da rawani, ya yi alwala da shi, mutanen ƙauye ba su san darajar kaya ba. Argungu ce ƙauye, ranka ya daɗe? To, na ji. Amma maƙwabcina Mista Bitrus, mai buga tafireta a ofishinmu, ya sayi irinsa a hannunka, nasa ma ya saɓule. Shi ba ya alwala, kuma ban taɓa ganinsa da rawani ba. Ina jiran in ji laifin da za ka ɗora masa.

Na kai Malam Sakkwato wurin likitar ido, ta gaske, mai takarda. Ta auna shi, ta ce idon ba mutuwa yake ba, raunin tsufa ne kawai. Ta duba gilashinka ta yi mana bayani da Hausar da Malam ya gane. Shafen da ke kashe ƙyalli, in ji ta, siriri ne ƙwarai kuma ba shi da ƙwari. Masu aikin kirki sukan bi shi da wani rufi mai tauri a sama, na wani sinadari dangin yashi da ake turarawa a kan gilashi cikin inji, shi ke tare gumi da ruwa da gogewa. Naka babu wannan rufin. An yi yaɓe ne ba a yi daɓe ba, aka sayar wa mutanen da rana ke dafawa, masu wanke fuska sau biyar. In ba ka san haka ba, da me ka zama Dokta? In ka sani, ka san sunan da ake ba irinka a kasuwa.

Likitar ta ba shi wani gilashin, yanzu yana gani tangaran. Amma ya ƙi komawa buzunsa. Na roƙe shi, liman ya roƙe shi. Cewa yake wanda ya cakuɗa maganar Manzon Allah a gaban jama'a, kunya ta fi masa. Bayanin likita a ɗaki aka yi shi, tuntuɓen kuwa a bainar jama'a.

Saboda haka ga buƙatuna. Ba na neman ko sisinka, riƙe kayanka, ka fi ni buƙata. Ka kwashe sauran gilasan nan daga kanta. Ka nemi duk wanda ka sayar wa ka gaya masa gaskiya, domin akwai tsofaffin da ke zaune yanzu suna jiran makantar da ba ta zo ba. Sannan ka hau mota ka zo Argungu, ka tsaya a ƙofar masallacin shiyarmu bayan la'asar, ka faɗa da bakinka cewa kayanka ne suka gaza, ba idon Malam ba, ba kuma iliminsa ba. Hanyar ba ta da nisa, ƙarfin halin da za ka tafi da shi ne nake shakkar kana da shi.

Ina roƙon Allah ya shirye ka, ya tsarkake abin da kake ciyar da iyalinka. Ya ba ka tsawon rai har ka kai shekarun da baƙaƙe za su fara yi maka rawa a takarda, a ranar kuma ya haɗa ka da mai tabarau wanda ya fi ka tsoron Allah.

Wassalam.

Bello ɗan Malam Umaru,
Birnin Kebbi.