Babur ɗin Baba da Jarkar Zamzam

Hindawiyya, Makka.

Zuwa ga uwargidana kuma kakata, Hajiya Ɗaso,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta miji ga matarsa da ta ƙi tarewa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gidan Gaya. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya sassauta wannan ciwon gwiwa da ba ya tashi sai an ambaci aiki. Mu nan alhamdu lillahi. Umma ta fita takaba lafiya, har ta koma ɗinkinta. Yaya Abdulmuhaimin yana nan da tasi ɗinsa da ɗaure fuskarsa, su biyun babu wanda ya yi sauƙi. Kabira, na san ke ce za ki karanta mata. Ki ɗaga murya, kuma kada ki tsallake ko layi ɗaya, musamman inda aka yabe ni.

Hajiya, na ji abin da kika faɗa wa Umma a waya. Kin ce in dai Nasrullahi aka ba wa saƙon, to a fara neman babur ɗin a bakin layi, don ba zai wuce can ba. Ban ji haushi ba. Wanda ya taɓa ɗinke hannun rigar yayansa ranar Juma'a, ya sa wa mai shayin unguwa gishiri a gwangwanin sukari, ba shi da bakin cewa an yi masa ƙazafi. Amma ki gyara zama ki ji, domin raina kama ka ga gayya.

Kin san wasiyyar Baba, Allah Ya ji ƙansa, amma bari in maimaita saboda Kabira da ba ta san tushen maganar ba. Shekara talatin da biyar da suka wuce, lokacin da ya bar ki ya nufo Makka, ƙaramin jirgin da ya ɗauko su a Bahar Maliya ya mace musu a tsakiyar ruwa. Kwana uku babu abin sha. Wani masunci mai suna Sami, mutumin tsibirin Farasan, shi ya tsince su, ya raba musu ruwan jarkarsa rabin kofi rabin kofi, ya janyo su gaɓa. Baba ya yi wata biyu a gidansa kafin ya samu hanyar Makka. Kullum yana cewa zai koma ya gaishe shi, kullum hidima tana hana shi, sai gaisuwar waya ranar salla. Da ciwo ya tsananta, ya tara mu ya ce abu biyu yake so a kai Farasan: babur ɗinsa a ba wa Hatim, ɗan Sami, ya riƙa kai kifi kasuwa da shi, sannan ruwan zamzam a ba wa tsohon a hannunsa. Ya ce kuma ɗansa na cikinsa ne zai kai, ba direban haya ba.

Yaya ya ce shi ba zai iya ajiye tasi ba, ni kuwa ba a ba kura ajiyar nama. Shawararsa a sayar da babur a aika musu da abin da aka samu. Umma ta ce marigayi bai ce a sayar ba. Aka yi ta ja har Yaya ya sauko, ya gyara takardun babur, ya kama mini gurbi a jirgin fito na safe, wanda a can suke kira abbara. Amma ya kafa sharaɗi: gwaji ɗaya ne. In na dawo da babur, ko wani ɓangare na saƙon bai isa ba, to maganarsa za a bi, kuma kada in ƙara sa baki a zancen manya. Maigidana na shago a unguwar Misfala ya ba ni kwana biyar. Umma kuwa mako guda ta yi tana zuwa Harami bayan la'asar, tana ɗebo zamzam a 'yan robobi, har ta cika farar jarka. Da hannunta ta ɗaure ta a bayan babur, ta ce in tuna ba tawa ba ce.

Na bar Makka bayan sallar asuba, na kama hanyar bakin teku. Hajiya, hanyar nan ta fi surutunki tsawo. A garin Lis na tsaya shan mai, nan matsala ta fara. Ke ba ki san halin mutanen hanya ba: da sun ga lambar Makka da farar jarka, sun san abin da ke ciki. Mai zuba mai ya roƙi kurɓi ɗaya. Wani direban babbar mota ya kawo kofinsa, ya ce matarsa ce ba lafiya. To wa zai hana Musulmi zamzam? Kafin in bar wurin, ruwa ya sauka da taƙi guda. Na lissafa garuruwan da ke gabana, na ga in aka ci gaba haka, jarka kawai zan kai wa tsoho ya riƙa kaɗawa. Sai dabara ta zo mini, irin dabarun nan nawa da kika sani. Na ari alƙalami mai kauri, na rubuta banzin a jikin jarkar da manyan baƙaƙe, wato fetur, har na ƙara hatsari a ƙasa. Kin san a makarantar allo babu wanda ya kai ni kyan hannu. Rubutun ya fito raɗau, kamar daga kamfani. Daga nan har Jizan, inda ake hawa jirgin, babu wanda ya ƙara kallon jarkata. Na kwana a Gunfuda, na kwana a Jizan, ina ta yaba wa kaina hankali.

Da safe na shiga layin ababen hawa a tashar jirgin ruwa, ni da ɗan babur ɗina a tsakanin manyan motoci kamar ɗan tsako cikin raƙuma. Takarduna suka wuce lafiya. Sai mai binciken kaya ya zagayo baya, ya tsaya, ya karanta rubutuna. Ya ce ba a shiga jirgi da fetur a jarka, doka ce, kuma gaskiyarsa. Na ce masa zamzam ne. Ya dube ni, ya dubi rubutun, ya ce shi dai ya iya karatu. Na ce ni na rubuta da kaina don wasa. Ya ce babu mai zama ya tsara rubutu haka don wasa. Na kai hannu zan buɗe ya sansana, ya daka mini tsawa kada in kuskura in buɗe fetur a tsakiyar motocin da injinsu ke aiki. Ya ba ni zaɓi biyu: in ajiye jarkar a bakin ƙofa in wuce, ko in fita daga layi. Ga motoci sun fara hawa, ga na bayana suna ta danna ham, kuma wani gurbin sai bayan kwanaki.

A nan ne, Hajiya, zan gaya miki abin da ban gaya wa Yaya ba. Zuciya ta ce mini in bar jarkar. In na sauka tsibiri in sayi roba in cika da ruwan famfo, tsoho ba zai gane ba, Umma ba za ta sani ba, Yaya ba zai ji ba. Wallahi Nasrullahin bara da ya yi haka yana dariya. Amma sai na tuna Umma tana hawo tudun unguwarmu da robobi a jaka, na tuna muryar Baba da ƙyar take fita yana cewa a hannunsa. Ni da na yi ta yaudarar rayayyu, na ga ba zan iya yaudarar wanda ke kabari ba.

Na janye babur daga layi, na kwance jarkar, na ɗauke ta zuwa can gefen katanga inda babu mota. Na roƙi mai binciken ya dube ni kawai, minti ɗaya. Na tambayi wani dattijo alƙibla ya nuna mini. Na fuskance ta a tsaye, na yi bisimilla da ƙarfi, na kafa kai na sha, numfashi uku, yadda Baba ya koya mana, na karanta addu'ar har ƙarshe. Kowa yana jiran in faɗi. Kuma ki ji ikon Allah: Shaiɗan ya raɗa mini cewa in zube ƙasa in yi ta shure-shure, in ga yadda za su watse. Hajiya, dama irin wannan ba ta zuwa sau biyu a rayuwa. Na danne. Ki sa Kabira ta maimaita miki wannan wurin: na danne.

Mai binciken ya matso, ya sansana bakin jarkar, ya ɗiga a tafin hannunsa ya ɗanɗana. Sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, ya ce tun da ya fara aiki ya ga masu ɓoye fetur da sunan ruwa, bai taɓa ganin mai ɓoye zamzam da sunan fetur ba sai yau. Ya ce in maza in koma layi. Amma kafin in ɗaure jarkar, ya ce tunda Allah Ya kawo, a sam masa kaɗan. Abokin aikinsa ma ya miƙo kofi. Dattijon alƙibla ya ce ai shi ya nuna hanya. Wata tsohuwa da aka sallamo daga asibiti ta aiko jikarta da roba. Abin da na guje wa a hanyar kwana biyu, ya same ni cikin minti biyar. Ni ne na ƙarshe da ya hau jirgin, ana ɗaga ƙofa a bayana, jarka kuma ta koma shafal kamar ba komai.

Ma'aikata suka ɗaure babur da igiyoyi a cikin cikin jirgin, na hau sama na zauna rungume da jarkata. Ashe teku ba ta san ɗan Makka ba. Jirgi ya yi ta wujijjiga ni, ni da ko kududdufi ban taɓa hayewa ba. Na dubi ruwan nan da ba shi da ƙarshe, na ce a nan Baba ya yi kwana uku, yana ƙasa da shekaruna. Wani fasinja ya zo neman kurɓi, na gaya masa gaskiya cewa sauran amanar mamaci ce. Nan take ya janye hannunsa, ya yi wa Baba addu'a. Ashe abin da ya kamata in faɗa tun a Lis ke nan, da na huta da alƙalami.

Hatim yana jirana a bakin gaɓa. Na ce ya hau gaba ya ja, ya ce a'a, sai na kai babur ɗin ƙofar gida da kaina tukuna. Muka bi wata hanya fara fat, ga teku shuɗiya a gefe, har ƙauyensu. Tsohon yana zaune a inuwa kan gadon igiya, idanunsa sun tafi, amma kunnensa garau. Na durƙusa na gaishe shi, na damƙa wa Hatim makulli a gabansa, sannan na juye abin da ya rage a jarka. Kofi ɗaya ne cif, ko ɗigo bai ƙaru ba. Kunya ta kama ni, na ba shi labarin duka ban rage komai ba, har da rubutun. Ya karɓi kofin da hannu biyu, ya sa aka juya shi alƙibla, ya sha a hankali. Da ya gama ya ce rabin kofi ya ba Mukhtaru, wato Baba, ga shi Mukhtaru ya aiko masa da cikakke, to wane ne ya ce saƙo bai isa ba?

Sannan ya shafa fuskata, ya ce in sake ba shi labarin jarkar. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce yanzu ya tabbata ɗan Mukhtaru ne ya zo. Wai a wata biyun da Baba ya yi a gidansu, sai da kowa ya koyi zazzage takalminsa kafin ya sa, saboda ƙaguwar da yake ɓoyewa a ciki. Wai ya taɓa ɗaure wa limaminsu busasshen kifi a jelar rawani, kuliyoyi suka raka shi har masallaci. Hajiya! Baban da ya yi shekara ashirin yana ce mini bai san inda na ɗebo hali ba? Kuma ke kin sani, kika yi shiru, kina ta cewa a nemi babur a bakin layi?

Na hayo jirgi, na dawo a motar haya ranar da hutuna ya cika. Hatim ya riga ya kira Yaya, tsohon ma ya karɓi wayar. Da aka zauna maganar gyaran ɗakin Umma, sai Yaya ya juyo ya tambaye ni me na gani. Na kusa waiwayawa in ga da wa yake. Jarkar kuwa Sami ya hana ni tahowa da ita. Tana rataye a ɗakinsa, rubutuna yana kallon ƙofa.

Ki gaishe mini da Kawu Hadi da iyalinsa, da Inna Sa'adiya, da Khalida da jaririnta, Allah Ya raya. Kabira, sannu da karatu, ladanki yana wurin Hajiya. Umma da Yaya suna gaishe ku. Ki ci gaba da sa Baba a addu'a, ki haɗa da tsohon Farasan. Ki kwantar da hankalinki, saƙon ɗanki ya isa hannun mai shi. Saura ki aiko mini da amsa, ki faɗa mini gaskiya: shi kuma a wurin wa ya gado?

Naki har kullum, mijinki da ya haye teku,
Nasrullahi Mukhtaru